Abin da Ya Kai Ni Dajin Jamus

A inda na tashi ƙafa ba ta fita sai da dalili. Ƙauyenmu yana gefen Gurbin Bore ne, a ƙasar Zurmi, kuma in ka ga mutum a hanya to gona za shi, ko kasuwa, ko dubiya, ko kuma baƙo ya rako yana komawa. Wanda aka gani yana ta tafiya haka kawai, ba kaya ba aike, sai mata su fara tambayar juna ko lafiyarsa ƙalau. Ni tafiyar da na fi sani ita ce ta kai wa Baba fura gona da hantsi. Inna ta aza mini ƙwarya a ka, ta bi ni da kashedin kada in tsaya wasa a rafi, ni kuwa sai na tsaya. Baba yakan hango ni tun daga nesa, ya jingina da hauya yana jira, in na iso ya ce furar ta sha rana har ta fi shi gajiya, ya shanye abarsa.

Wannan hanya an daɗe ba wanda ya taka ta a gidanmu. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, noma ya zama sai da izininsu, daga baya izinin ma ya daina amfani. Muka kwashe ya-namu-ya-namu muka koma Kaura Namoda, ɗaki biyu na haya a bayan tashar jirgin ƙasa. Baba, mutumin da rana ba ta taɓa samunsa a gida ba, ya koma zaman tabarma a ƙofar ɗaki, rediyo a gefe, yana kallon 'yan keke napep suna wucewa. Bai taɓa cewa komai a kai ba. Takalman gonarsa dai, irin na tayar mota, ya hana a yar. Inna ta rataye su a ƙusa bayan ƙofa, suna nan suna shan ƙura.

A Kaura na ƙarasa sakandare, na je jami'a, na dawo ina koyar da kimiyya, har Allah ya kawo tallafin karatu zuwa Jamus, digiri na biyu. Wanda ya fara cewa a'a Baffa ne, yayan Baba, malami a Shinkafi, wanda a hannunsa na yi karatun allo duk hutun makaranta. Ba mugunta ba ce. Ɗansa na biyu an taɓa tare shi a hanya aka shige da shi daji, abin da aka fara aiko musu hotonsa ne a waya, zaune a ƙasa gindin itace ba takalmi. Ya dawo daga baya, amma tun daga nan Baffa ba ya son ɗan gidanmu ya yi nisa da inda ido zai gan shi. Ya ce ɗiya mace, ba muharrami, ƙasar da ko kiran salla ba a ji. Baba ya saurare shi har ya gama, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba a gaban yayansa, sannan ya ce a bar ta ta tafi, shi ya tsaya mata, in ta yi abin da bai dace ba shi za a tambaya. Ban taɓa jin ya musa wa Baffa ba sai ranar. Na tafi da sanin cewa maganar Baba ce ke riƙe da ni a can, ranar da ta karye kuwa gida zan dawo.

Garin da aka kai ni ƙarami ne, kogi ya raba shi biyu. A satin farko aka tara mu baƙin ɗalibai aka ce za a nuna mana gari. Na ɗauka kasuwa za a nuna mana, da asibiti, da inda ake samun barkono. Sai wata mata mai ɗaga lema ta ja mu coci, ta ja mu kan gada, daga ƙarshe ta hau da mu wani tudu inda fadar wani tsohon sarki take. Fadar ba rufi, bango ya tsage, ciyawa ta fito ta tagogi. Kango dai sosai. Aka yanka mana tikiti muka shiga, matar tana ba da labarin waɗanda suka ƙone wurin da murmushi a fuskarta, mutane sai ɗaukar hoto suke. Na ɗaga hannu na tambaya yaushe za a gyara. Aka yi dariya, na ji haushi. Mu ma muna da gida irin wannan a ƙauye, rufin ɗakin Inna ya rufta, kuma ba na jin akwai wanda zai je ya tsaya a ciki yana murmushi a ɗauke shi.

Ba sa gaisuwa a garin nan. Na daɗe ina yi wa tsohon da ke ƙasan benenmu ina kwana da yarensu, yana kallona kamar na taka masa shuka. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai tafiyarsu ce. Duk Lahadi sai gari ya fito bakin kogi, tsofaffi, masu jego da keken jarirai, masu kare, kowa yana tafiya. Rannan na bi bayan wasu mata da miji don in ga inda ake zuwa, ko akwai kasuwa a gaba ko biki. Suka kai wata gada suka tsaya, suka kalli ruwa, suka juyo. Dole ni ma na juyo, muka dawo tare ina biye da su a baya.

Ɗakin da ke kusa da nawa na wata doguwar yarinya ce 'yar ƙasar, kicin ɗaya muke amfani da shi. Ita ta yi jinyata lokacin da sanyin farko ya kwantar da ni, tana dafa mini wani ruwan dankali ba gishiri ba yaji, ina sha don kara. Saboda haka da sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, ta ce ranar Asabar in zo mu je daji da abokanta, na kasa ce mata a'a kai tsaye. Na tambaye ta wurin wa za mu. Ta ce ba kowa. Me za mu ɗebo? Ba komai. To me ke can? Ta ce dutse ne, za mu hau. In mun hau fa? Ta ce sai mu sauko ta wata hanyar mu dawo tashar da muka baro. Na sake tambaya a hankali, don na zaci Turancina ne ya gaza. Amsar ba ta canza ba.

Ta ara mini takalma masu nauyi irin na sojoji, da jakar goyo, da sanduna har biyu, ni da ƙafata lafiya lau. Na zura dogon hijabina a kai. Jirgin ƙasa ya sauke mu a wani ƙauye, mu mata da samari biyu, muka ratsa gonaki muka shiga cikin itatuwa. Gaskiya tsoro na ji. Rabona da daji tun kafin mu bar ƙauye, jikina kuwa bai san a Jamus yake ba. Itatuwan sun haɗe sama, ba ka ganin nesa, kunnena sai neman ƙarar babur yake. Can sai ga wasu ƙarti sun ɓullo daga kwana da sanduna da jakunkuna. Ban san lokacin da na saki hanya na laɓe bayan wani itace ba. Suka iso, suka gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da ni da ke leƙe. Daga nan duk wanda muka haɗu da shi sai ya gaishe mu. Mutanen da ba sa amsa wa maƙwabci a matakalar bene, su ne a tsakiyar daji suke washe wa baƙo baki. Na tambayi maƙwabciyata dalili, ta ɗaga kafaɗa ta ce haka ake yi.

Hawa ya yi hawa. Takalman aro suka fara cin dugadugaina, jakar ta koma kamar buhun dawa, su kuwa sai tsayawa suke suna cewa in duba kyau. Na duba. Itace ne, sai wani itacen, ga busassun rassa zube ko'ina da Inna za ta yi damina guda tana girki da su, ba mai ɗauka. Wata tsohuwa mai furfura ta zo wuce mu da jakar da ta fi tawa, na yunƙura in karɓa mata kamar yadda aka koya mini, ta riƙe abarta gam ta harare ni. A rabin dutsen na ce ni kam na kai, na zube a ƙasa gindin wani itace na cire takalman na jefar. Maƙwabciyata ta tuntsire da dariya, ta karɓi wayata ta ɗauke ni. Na duba ni ma na yi dariya: ga ni zaune a ƙasa ba takalmi, hijabi ya karkace, fuska kamar an yi mini mutuwa, a bayana ƙafafun samarin nan da sandunansu, hoton ya yanke kawunansu. Na ce bari Inna ta ga wahalar da Turawa ke kira hutu. Na tura a guruf ɗin danginmu, ina cikin rubuta bayani aka ce a tashi, na jefa wayar a jaka da niyyar in ƙarasa a sama. A sama kuwa babu sabis.

Abin da ke ƙolin dutsen benci ne da iska. Suka fito da burodi da cuku, suka zauna suna kallon abin da ke ƙasan dutsen. Na yi alwala da ruwan gorata na yi azahar a kan ciyawa, sannan na zo na kalli abin da suke kallo. Gonaki ne shimfiɗe, kore da rawaya, har iyakar gani. Ban san ko daɗi na ji ko haushi ba. Na ɗauki hoto ɗaya muka kama gangara.

Sai da muka kusa ƙauyen da yamma wayar ta farfaɗo, ta kama rawa a jaka ba ƙaƙƙautawa. Kira ya taru, na Inna, na Baffa, na mutanen da rabona da su tun ina firamare. Na ce a raina Baba ne ya rasu. Na kira Inna.

"Ɗiyata, ke ta?" in ji ta, muryarta a dishe. "Yi magana in ji. Sun sako ki?"

"Su wa, Inna?"

Kuka ta fashe da shi, a bayanta ina jin hayaniyar mata da salati. Na tsaya a bakin gonar wani Bature, sanduna a hammata, na kasa haɗa maganar. Sai da ƙanwar Inna ta karɓi wayar ta warware mini. Hoton ya shiga da hantsi, ba rubutu. An kira ni an kira, waya ba ta shiga. Kowa a gidanmu ya san irin hoton nan, ya san su wa ke aiko shi da abin da ke biyo baya. Kafin azahar tsakar gida ta cika da 'yan jaje. Baffa ya hau mota daga Shinkafi, hanyar da ya daɗe yana gudu, ya sa aka fara saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa. Wani ya ce ai a Turai ba a satar mutane, aka ce masa to ga hoto. Har yau in na buɗe shi na tuna na ɗan Baffa, ban san yadda aka yi idona bai ga kamar ba a lokacin.

Washegari aka kira ni, Baffa ne da wayar, Baba yana gefe. Na yi gaisuwa, na ba da haƙuri, na yi bayani iyakar iyawata. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce mutane suna sayar da abin da suka mallaka don su fito da 'ya'yansu daga daji, ni kuma an kai ni inda Allah ya rufa mini asiri, na ɗauki ƙafata na shiga da kaina, da maza, don nishaɗi. Ya ce in gama zangon da nake ciki in tattaro in dawo, kafin nan kuma daga makaranta sai ɗaki. Sannan ya miƙa wa Baba, ya ce ga ta nan, kai ka tsaya mata.

Na ji numfashin Baba kafin maganarsa.

"Mi kinka tahi nema?"

"Ba komai, Baba."

"Wurin wa kinka tahi?"

"Ba kowa."

"Wa ya aike ki?"

Tambayoyin da na yi wa maƙwabciyata ne ya maido mini, kuma ni ma ba a amsa mini ba. Ya jira, ya jira, sannan ya ce to, ya ajiye. Bai ce in dawo ba, bai ce in zauna ba. Wannan "to" ɗin ta fi mini faɗan Baffa ciwo.

Na yi makonni daga aji sai ɗaki, ina karatun da ban san ko zan ga ƙarshensa ba. Haushi nake ji, amma na rasa wanda zan ji wa. Baffa yana da gaskiya, Inna tana da gaskiya, maƙwabciyata ma da ta zo ta zauna a bakin gadona tana ba da haƙuri ba ta yi laifin komai ba. Na yi mata bayani, ta fahimci satar mutanen. Abin da ta kasa fahimta shi ne me ya sa sai da dalili za a yi tafiya, ni kuma na kasa fahimtar yadda za a yi babu shi. Muka bar maganar muka sha shayi. Don mutanen gida su ga wurin ba irin dajin da suke zato ba ne, na tura wa Inna ɗaya hoton, na saman dutse. Ba wanda ya ce komai a kai. In na kira, sai Inna ta ce Baba yana masallaci, ko ya ɗan kishingiɗa. Ana haka damina ta sauka a gida. Inna ta ce tun da aka yi ruwan shuka ya kashe rediyo ya koma cikin ɗaki da zama.

Rannan da la'asar kira ya shigo daga wayar Inna, na ɗauka na ce Inna, sai na ji shi. Bai taɓa kirana da kansa ba. Bayan gaisuwa ya yi gyaran murya ya ce an nuna masa wani hoto.

"Wanga kore na hannun hagu, mi anka shibka?"

Na ce ina jin alkama ce. Ya ce a tudu, ba fadama ba? Na ce a tudu. Ya tambayi rawayan, na ce wani abu ne da suke matse mai da shi. Ya ce bai ga huɗa ba, na ce ba sa yi. Sai ya sassauta murya kamar akwai mai saurare, ya tambaya wa suke biya kafin su fita. Na ce ba kowa. Ya ce da girbi fa? Na ce ba kowa, Baba, mutum ya tashi kawai ya tafi gonarsa. Ya ce ko da marece? Na ce ko da marece.

"Kai ni in gani," in ji shi.

Na zaci ban ji daidai ba. Na tuna masa Baffa ya hana ni fita, ya ce ya sani, a gabansa aka faɗa. Ya ce Inna ta gaya masa wayar nan tana nuna mutum yana motsi, to in je da shi ranar Asabar. Ba saman dutsen ba, shi ba ruwansa da dutse, gonakin ƙasa yake so.

Muka koma ni da maƙwabciyata, wannan karon da takalmina. Daga tashar ƙauyen na yi kiran bidiyo. Baba ya matso da wayar har ba na ganin komai sai goshi da hula, Inna tana gefe tana ce masa ya ja baya. Na juya kyamarar ta kalli hanya na fara tafiya. Ban yi nisa ba ya ce in rage sauri, korata ake yi? Na rage. Ya ce in tsaya a alkamar in kusanto masa da zangarniya. Ya ce in duƙa in ɗebi ƙasa in dunƙule in buɗe hannu. Na yi, ta tsaya a dunƙule, baƙa, ya ce uhm. A gonar masara ya sa na shiga tsakanin layi, ya ce sun cunkushe ta, ba za ta yi goyon kirki ba. Na ce ta dabbobi ce, ya ce ai shi ya sa. Maƙwabciyata tana biye da mu ba ta jin ko kalma, in ta ga na tsuguna ita ma ta tsuguna.

Can muka tarar da wani dattijo yana gyaran shinge kusa da taraktarsa. Zan wuce, Baba ya ce wace irin tarbiyya ce wannan, a wuce mutum yana aiki ba sannu. Na ce su ba su da sannu da aiki a yarensu, ya ce in yi masa da tamu. Na tsaya na ce wa Baturen sannu da aiki, da Hausa, maƙwabciyata ta yi masa bayani cewa mahaifina ne a waya, manomi ne daga Najeriya. Dattijon ya goge hannu a wando ya leƙo. Suka kalli juna. Baba ya jinjina masa hannu, shi kuma ya taɓa hularsa. Ya tambaya me Baba yake nomawa, na ce gero da dawa. Ya tambaya yaya shukar bana take a can. Maƙwabciyata ta fassara mini, ni kuma ban fassara wa Baba ba, na ce gaishe shi yake yi.

Muka ci gaba. Hanyar ta miƙe tsakanin gonaki biyu, ba gida ba mota. Baba ya daina ba da umarni. Na yi ta tafiya a hankali ina riƙe da shi a gabana, in hannu ya gaji in canza. Can ya ce in juya in nuna masa baya. Na juya. Ya ce in nuna masa wajen itatuwan. Na nuna.

"Ba kowa?"

"Ba kowa, Baba."

"To mu tahi."

Muka tafi har inda sabis ya fara yankewa, fuskarsa tana tsayawa tana motsi. Na ce a nan za mu juya. Ya ce to, Allah shi yi albarka. Na zaci ya gama, sai ya ƙara matso da wayar.

"In Baffanki ya tambaya, ko wani, abin da ya kai ki daji, ki ce ni na aike ki. Ni za ni yi mai magana. Ki zamna ki ƙare karatunki."

Na ce to kawai. Maƙwabciyata ta tambaye ni me ya ce, na gaya mata. Ta rungume ni har na kusa faɗuwa cikin masarar mutane, ta ce yanzu ai na gane daɗin tafiyar. Na ce mata a'a, har yanzu ban gane abin da ke kai su ba, ni aike aka yi mini.

Kafin magariba Inna ta kira ni ita kaɗai daga bakin murhu, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tun da safe Baba ya sa ta sauko masa da takalman nan daga ƙusa. Ya kakkaɓe su da kansa, ya sa a ƙafa, ya zauna kan tabarma a cikin ɗaki yana jiran kirana. Ta ce har yanzu bai cire ba, yanzun nan ta leƙa ta gan shi da su.

"Ya ce in tambaye ki," in ji ta, "Assabar mai zuwa kina da karatu?"

Na ce ba ni da shi.